Larai Mai Daddawa da Hancin Aro

Duk wanda ya ci kasuwar Ƙanƙara a shekarun da kuɗin man fetur suka fara leƙowa ƙauye, in ka ce masa Larai mai daddawa, ba zai tambaye ka wace Larai ba. A Mabai take aure, amma asalinta can wajen Faskari ne, kuma a gindin murhun kakarta ta koyi sana'ar tun tabarya tana fin ta tsawo. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana, sai fa in an taɓo zancen kalwa, to nan kam sai ka gaji ka tashi ka bar ta. Mijinta Malam Gide manomi ne, dawa da gero da 'yar auduga. Sun haihu da dama, amma Lauratu kaɗai Allah ya bar musu, ita ma tuni aka kai ta ɗakin miji a Sabuwa. Da girma ya fara kama Larai, gida kuma ya zama daga ita sai shi, Malam Gide ya yarje mata ta riƙa kai kayanta kasuwa da ƙafarta.

Aikin daddawa ba wani ɓoyayyen abu ba ne. A dafa kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, yini guda har ta yi laushi, a surfe ta da toka ɓawon ya fita, a wanke, a sake dafawa, a juye a masaki, a lulluɓe da ganye da tsummoki, a kai ɗaki mai ɗumi a rufe. Wannan kowace mace ta iya. Inda ake rabuwa shi ne sanin ranar buɗewa. In aka yi garaje ba ta nuna ba, sai a zuba ta a miya kamar an zuba tsakuwa. In aka yi sake ta wuce, ta koma ruɓa, warinta ko kare ba ya tsayawa. Tsakanin biyun nan ɗan taƙi ne, ba a gane shi da ido, zafin gari da sanyinsa ma suna matsar da shi gaba ko baya. Larai kuwa daga bakin ƙofar ɗakin take tsayawa ta ja numfashi ta ce, "Da saura," ko ta ce, "A kawo turmi." Ba a taɓa jin ta kuskure ba.

Shekarun kuwa na ciniki ne. Ma'aikatan hanya sun kafa sansani, makarantun kwana suna neman kayan miya buhu-buhu, maniyyata aikin hajji sun yi yawa har a ƙauyuka, kuma ba mai son ya hau jirgi babu ƙullin daddawa da yaji da kuka a cikin kayansa. Akwai wani Alhaji Rabo mai rumfar kayan miya a Ƙanƙara, shi ke tara wa irin waɗannan mutane kaya. Daddawar kowa sai ya ɓalla ya shinshina kafin ya karɓa, amma ta Larai ko kwandon ba ya buɗewa. Yakan ce hancin Larai ya riga ya yi masa aikin.

A wannan tsakani ne Suwaibatu ta zo Mabai. Mijinta ya rasu a Pauwa, babu haihuwa tsakaninsu, ta dawo gidan yayanta da ke katanga ɗaya da gidan Malam Gide, daga ita sai ƙullin tufafi. Da kaɗan ta girmi Lauratu. Matar yayan ba ta yi murna da zuwanta ba, sai ya zama kullum tana gidan Larai, ta taya ta iza wuta, ta taya ta surfe. Larai, da ɗiyarta ta yi mata nisa, ta buɗe mata zuciya. Ta ba ta zane, ta koya mata zaɓen kalwa, ta riƙa jan hannunta har bakin masaki tana cewa, "Ja a hankali, kada ki yi kamar mai shaƙar taba. Kin ji ɗan zaƙi-zaƙin nan da ke ƙarƙashin warin? In ya fito, ta yi." Suwaibatu tana da kai, tana da ladabi, ba ta kiran ta sai da Yaya. Ranar kasuwa tare suke tafiya, kowa da kwando a ka, har baƙi suna ɗauka ciki ɗaya suka fito.

Wata damina, ana tsakiyar noman maimai, wata mura mai zazzaɓi ta ratso ƙauyukan. Ba irin wadda aka saba ba ce, ta a sha citta da kanumfari a tashi. Gida guda sai ka tarar kowa a kwance, tari kamar ƙirji zai tsage, gaɓoɓi kamar an yi wa mutum duka, kai kamar ana sara. Ta ɗauke wasu tsofaffi a Mabai, daga 'Yargoje ma irin labarin ake ji. Larai ta kwanta kwana da kwanaki, akwai ranakun da ba ta san wanda ke kanta ba. Malam Gide shi ma yana fama da tasa. Suwaibatu ce ta tsaya, wannan ko Larai ba ta taɓa musunta ba har ta koma ga Allah. Ita ke dama mata kunu, ita ke gasa mata jiki da ruwan ɗumi, ita ke wanke mata zane.

Sannu a hankali zazzaɓin ya sauka, tarin ya lafa. Larai ta fito tsakar gida ta zauna a inuwa, mata suna shigowa suna yi mata barka da arziki. Kowa ya ce ta warke, ita ma haka ta ɗauka.

Da ta ji ƙarfi-ƙarfi ta ɗora kalwa. Ranar da ya kamata ta fara dubawa, ta je bakin ƙofar ɗakin ta ja numfashi kamar kullum, ba ta ji komai ba. Ta shiga ta yaye tsummokin, ta sunkuya har hancinta yana taɓa kalwar. Ɗumi ta ji a fuskarta, shi ke nan. Ta fito ta murje tafarnuwa a tafin hannu ta shinshina. Ta buɗe kwalbar kananzir. Ta je ta tsaya a tsakiyar garken tumaki. Ko'ina ɗaya, kamar an bi duniya an wanke ta da ruwa. Sai a lokacin ta tuna cewa tun tashinta tuwo yake mata kamar tana tauna auduga, ita kuwa ta ɗauka ɗacin bakin ciwo ne.

Ba hancin kaɗai ba ne. Yatsun hannunta na dama suka riƙa yi mata kamar kiyashi na yawo a ciki, wani lokaci ludayi ya suɓuce ba ta ji fitarsa ba. In ta yi surfe turmi ɗaya sai ta yini a kwance. Amma abin da ya fi ba ta tsoro shi ne mantuwa. Tana cikin magana kalma za ta ɓace mata, ta tsaya tana nuna tsintsiya da yatsa ta kasa kiran sunanta. Ta shiga ɗaki ta rasa abin da ya kawo ta. A salla ta rasa raka'a ta nawa take. Wata rana da hantsi ta ji ƙaurin tsumma mai ƙarfi, warin farko da ta ji tun ciwon, ta zabura ta kwara tulun ruwa a jinkar rumbu tana kiran jama'a. Malam Gide da maƙwabta suka duba ko'ina, babu ko hayaƙi.

Malam Gide ya sa ta a motar kasuwa suka je asibiti a Ƙanƙara. Malamin asibitin ya ɗora abin awo a ƙirjinta da bayanta, ya leƙa maƙogwaro, ya ce ƙirji fes yake, mura ta tafi. Ta ce masa hancin fa. Ya ce ragowar mura ce, za ta wuce, ya ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. Layi yana da tsawo a bayanta, ba ta samu ta faɗi zancen mantuwar ba, ko ta samu ma ba ta san yadda za ta faɗe shi ba a yi mata kallon mai taɓin hankali ba. A gida aka yi rubutu ta sha, aka yi hayaƙi, aka ɗiga mata man shanu a hanci. Lokacin kaka ya zo ya wuce, hanci shiru.

"Ki riƙe bakinki, Larai," in ji Malam Gide. "Mutanen garin nan in sunka ji, ba za su ce ciwo ne ba, iska za su ce."

Ta riƙe. 'Yar daddawar da ta yi a watannin nan da ƙirgen kwanaki da sa'a ta yi ta, wata ta fita, wata ta ɓoye ta zubar. Ta san haka ba za ta ɗore ba. Ran nan ta kira Suwaibatu cikin ɗakin daddawa, ta janyo ƙofa.

"Zan faɗa maki magana, daga ni sai ke sai Malam. Tun ciwon nan ba ni jin wari, ba ni jin ƙamshi. Ko mushe aka aje gabana ban sani ba."

Suwaibatu ta dafe ƙirji, idonta ya kawo ruwa. "Yaya, shi ne kika yi shiru duk watannin nan?"

"To wa zan faɗa ma? Ga mantuwa kuma. Jiya sai da na tambayi Malam sunan unguwar da Lauratu take."

"Ki kwantar da hankalinki. Hancin nan nawa ai ke kika gyara shi, naki ne. Wanda ya ji maganar nan a bakina, Allah shi tambaye ni."

Haka aka yi. Suwaibatu ta shinshina ta raɗa mata, ita kuma Larai ta fito tsakar gida ta ce a kawo turmi da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Daddawa ta ci gaba da fita yadda aka san ta, Alhaji Rabo ya ci gaba da karɓa ba buɗewa. Larai, don jin daɗi, ba ta rage komai a cikinta ba. Ta kai Suwaibatu wajen mutanen Faskari da take sayen kalwa a hannunsu tun zamanin kakarta, ta ce wannan ƙanwata ce, ku ba ta kamar ni. Ta nuna mata irin ganyen da take shimfiɗawa a masaki da inda take samo shi, abin da ko Lauratu ba ta sani ba. Ranar da jiri ya hana ta tafiya, Suwaibatu ke kai kwanduna rumfar Alhaji Rabo ita kaɗai. Abin da aka samu kuwa Larai ba ta taɓa ci ita kaɗai ba.

Shekara ta zagayo har da ɗoriya. Lokacin tafiyar alhazai ya matso, Alhaji Rabo ya aiko cewa yana son daddawa fiye da yadda ya taɓa karɓa, don maniyyata daga Ƙanƙara har Sabuwa sun ba shi sautu. Suwaibatu ta ce kafin a shiga aikin bari ta je Pauwa ta gaida uwar marigayi mijinta. Ta yi kwanaki can, ta dawo. Larai ta sayar da tunkiya ta sayi kalwa, ta ari tukwane, suka dafa, suka cika masakai, aka rufe.

Da Larai ta ga kwanakin sun kai a lissafinta, ta ce wa Suwaibatu ta duba. Suwaibatu ta sunkuya, ta ɗago ta ce da saura. Washegari ma ta ce da saura. Larai ta cusa hannun hagu, wanda ya fi ji, ta ji kalwar ta saki, tana yauƙi fiye da kima.

"Anya, Suwaiba? Hannuna na ce mani ta yi. Ba ran Lahadi munka rufe ta ba?"

"Haba Yaya, Talata ce. Kin manta? Ranar da Malam ya tafi 'Yargoje ta'aziyya."

Larai ta tsaya tana lalube a cikin kanta. Ta tuna Malam ya je ta'aziyya, amma wace rana, babu. Hannun da ke yi mata ƙarya kullum, da kan da ke zubar da abu kamar rariya, da wanne za ta yi musu? Ta ce, "To, ke ke da hanci." Aka mayar da tsummoki. Da Malam Gide ya dawo daga gona ya ce warin bana ya yi ƙarfi, Suwaibatu ta yi dariya ta ce yawa ne, Malam, ba a taɓa yin mai yawa haka a gidan nan ba. Sai da ta ga dama ta ce ta yi. Suka daka, suka mulmula, suka shanya.

Ranar kai kaya Suwaibatu ta aiko cewa kanta yana ciwo. Larai ta sa aka ɗora mata kwanduna a mota. A hanya ta ga mata suna toshe hanci da gefen mayafi suna matsawa, ta ɗauka tsirfa ce irin ta masu zuwa birni.

A rumfa Alhaji Rabo ya yi abin da bai taɓa yi mata ba. Ya kwance kwando, ya ɓalli guda ya nufi hanci da ita, bai kai ba ma ya janye. Ya kwance na biyu, ya kwance na uku. Masu rumfunan kusa suka fara leƙe.

"Larai, wannan ai ta lalace. Ko a jaki ba a ɗora ta, balle a shiga jirgi da ita." Ya rage murya. "Ashe gaskiya yarinyar nan ta faɗa mani, ni da na ƙi yarda."

"Wace yarinya, Alhaji?"

"Suwaibatu. Tun watan jiya ta ce mani ciwo ya taɓa maki kai, ba ki jin wari, ba ki riƙe magana, ita ke ta rufa maki asiri, amma kin fara ƙin jin shawara. Ta ce in yi hattara da kayan alhazai. Shi ya sa na ce ta yi mani tata daban, ko da za a samu matsala. A Pauwa ta yi, tuni aka kawo."

Ya nuna bayan rumfa. Kwanduna ne a jere, an ɗaure bakinsu da irin ɗaurin da Larai ke yi.

Larai ta buɗe baki za ta yi magana. Maganar tana nan cikakkiya a ƙirjinta, da rantsuwar ɗakin daddawa, da Lahadi da Talata, amma kalmomin suka watse kamar yadda suke mata in ranta ya ɓaci. Ta tsaya tana "wannan... wannan..." tana nuna kwandunan. Tsayuwar nan ita ta gama tabbatar wa duk wanda ke wurin abin da aka faɗa a kanta. Alhaji Rabo ya tausaya mata, ya sa aka ba ta ruwa, ya raka ta har mota. Daddawar a bayan kasuwa aka zubar da ita.

Tana isa gida, ko mayafi ba ta cire ba, ta tambayi Malam Gide wace rana ya je 'Yargoje ta'aziyya.

"Lahadi mana. Ina dawowa na iske kuna rufe masakai. Halan lafiya?"

Ba ta aika a kira Suwaibatu ba, da kanta ta zaga. Ta iske ta zaune a inuwa tana tsince wake, babu alamar ciwon kai.

"Suwaiba, da kin ce mani kina son ki tsaya da ƙafarki, wallahi ni zan kai ki gaban Alhaji in ce ga magajiyata. Mi na yi maki?"

Suwaibatu ba ta ɗago ba. "Ba ki yi mani komai ba, Yaya, sai alheri. Amma shekara guda da watanni hancina ke aiki, sunanki ake kira. In na ce zan ware, kowa zai ce na ci amana, kuma ba mai sayen tawa ga taki a kasuwa. Ni ma rai gare ni, a gidan wani nake raɓe."

"Shi ne kika ce mani Talata."

"Abin da na faɗa ma Alhaji, ƙarya na yi? Kina jin wari?"

"Ban tambaye ki zancen Alhaji ba. Kin san kaina ba ya riƙo, ni na faɗa maki da bakina, kika dube ni kika ce Talata."

Suwaibatu ta ci gaba da tsintar wakenta. Larai ta juyo gida.

Asarar tunkiya da kalwa ba ta ci ta kamar abin da ya biyo baya ba. Maganar ta baro kasuwa ta shigo gari, tana tafe tana ƙiba. Wadda ta ji mantuwa ta ce iska, wadda ta ji iska ta ce hauka, aka tono zancen ruwan da ta kwara wa rumbu. Larai da ba a yin suna ko biki a Mabai ba a ba ta tukunyar miya ba, sai aka koma shimfiɗa mata tabarma a gefe a ce ta huta. Ta aika wa maƙwabta tuwo, ta hango an juye wa kaji. Mata suka koma yi mata magana da ƙarfi, ɗaya-ɗaya, kamar ana yi da kurma. Malam Gide ya fusata ya ce zai kai maganar gaban mai gari. Ta hana shi. Ta ce in an tara mutane aka ce ta yi bayani, harshen zai sake yashe ta a gabansu, Suwaibatu kuwa bakinta garau yake.

Ta kife tukwane, ta daina fita. Ko a ƙaramin abu ta kasa yarda da mutum. In an ce mata yau Laraba, sai ta nemi na biyu ta tambaya. Shi kansa Malam Gide, da suka yi shekaru talatin tare, in ya ce miya ta yi gishiri sai ta tsaya ta dube shi cikin ido. Ya gane, abin ya yi masa ciwo, amma bai taɓa ce mata uffan ba.

Da labari ya kai Sabuwa, Lauratu ta zo ta roƙi mahaifinta ta tafi da Larai ta huta. A can ne Larai ta haɗu da Salihu, wani mahauci maƙwabcin su Lauratu, wanda ya bar fawa ya koma sayar da igiya. Ya ji zancenta a bakin matarsa, ya zo zaure da kansa gaishe ta, yana jan ƙafa ɗaya.

"Iya, ƙaurin tsumman nan ni ma ina jin shi," in ji shi. "Ranar farko sai da na fitar da iyalina daga ɗaki na ce gobara. Murar nan ce ta daminar bara waccan. Nama ya kwana ya juya a gabana ban sani ba, shi ya sa na aje wuƙa tun ban cuci wani ba."

Ya ce shi har Zariya ya je, wani likita ya zaunar da shi ya ce masa irin wannan mura takan taɓa jijiyoyin da ke kai saƙo cikin kai, ƙirji ya warke su ba su warke ba, na wasu su dawo, na wasu su ƙi, kuma ba ruwan iska a ciki. Larai ta sa shi ya maimaita mata, ta sa Lauratu ta zo ta ji don ta riƙe mata. Sannan ta rufe fuska da mayafi ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar kasuwa.

Ta dawo Mabai da wannan magana, ta faɗa wa duk wadda ta zauna kusa da ita. Kaɗan ne suka ɗauka, don zancen iska ya fi daɗin maimaitawa. Amma ita ta samu abin dafawa. Ta fara kasa busasshiyar kuɓewa da kuka da barkono a ƙofar gida, kayan da ido ke gane kyaunsu. Gajiyar ta ragu da shekaru, mantuwar ta yi sauƙi in ba ranta ne ya ɓaci ba, yatsun kuwa haka suka zauna. Hancin ya dawo daga baya, rabi-rabi kuma a karkace. Albasa tana mata warin kananzir, daddawa kuwa warin gashin da aka ƙona, ko kusa da ita ba ta iya zama. Miyar gidan Malam Gide ta koma ta magi, wanda a lokacin ya fara cika kantuna.

Suwaibatu ta riƙe cinikin Alhaji Rabo, daddawarta kuma mai kyau ce, ba wanda ya ce ba haka ba. Ta yi aure a Ƙanƙara, ta yi ɗaki mai rufin kwano, daga baya ita ma ta sauke farali. Da ta dawo ta aiko wa Larai tsaraba, zamzam da dabino da ɗankwali. Larai ta sha zamzam don ba a mayar da shi, ta rabar da dabinon, ɗankwalin ta ce a mayar wa mai shi.

Ba su sake haɗuwa ba sai rasuwar Malam Gide. Hajiya Suwaibatu ta zo gaisuwa, ta ratsa mata ta zauna dab da Larai, ta yi addu'a mai tsawo. Sannan ta ce, "Yaya, duniyar nan ba wurin zama ba ce, a yafi juna."

Matan ɗakin suka zuba musu ido, don babu wadda ba ta san labarin ba.

"Allah shi yafe mana baki ɗaya," in ji Larai.

"Ni taki yafiyar nake nema."

"Na ji," in ji Larai, ta juya ga wadda ke bayanta tana amsa gaisuwa.

Da Larai ta fita takaba, Lauratu ta kwashe ta ta koma Sabuwa gaba ɗaya. Ta yi shekaru a can, tana tsinke kuɓewa, tana reno, in ta ɗora miya ta miƙa wa wanda ke kusa ludayi ya ɗanɗana mata gishiri. Da 'yan matan gidan suka tasa, Lauratu ta roƙe ta ta koya musu daddawa, ko da baki ne, tunda ga kalwa ga itace. Larai ta ce ta manta yadda ake yi. Lauratu ba ta yarda ta manta ba, amma ba ta sake tambayar ta ba. A Sabuwa ta rasu, wata bazara bayan gajeriyar jinya, can aka binne ta.